Randa ba ta da waya, to daga ina sanyinta yake zuwa?

Azumin 2024 ya faɗo ne cikin Maris da farkon Afrilu, tsakiyar bazara ke nan, kuma duk wanda ya yi shi a Katsina bai manta ba. A gidana sai da aka kwana uku ba a kawo wuta ba. Firij ya koma kabad ɗin ajiye kwanoni, masu ƙanƙara kuwa da la'asar ta yi sai su fara jan aji, ɗan guntun da bai wuce dunƙulen hannu ba a yanka maka kuɗi, in ka tsaya ciniki ga wani a bayanka ya miƙo nasa. Rana ta uku na ce ba zan iya ba, na kwashi yara muka tafi shan ruwa cikin gari wajen Inna, can kusa da Gobarau.

Randarta na nan a gurbin da na sani tun ina yaro: gindin bedi, an turbuɗe gindinta cikin yashi, an rufe da faifai, moɗa a kife a sama. Da aka kira salla ta ɗebo ta miƙo mani ba tare da ta dube ni ba, don ni ne ɗan fari. Na kai baki, sanyin ya ratsa ni har cikin haƙora. 'Yata mai shekara bakwai, wadda ba ta yi azumi ba amma ta riga kowa sha, ta zagaya randar sau biyu tana leƙen bayanta.

"Kaka, ina wayarta?"

"Ke kishiya, randa ba ta cin wuta, iska take ci. Taɓa jikinta ki ji."

Ta taɓa, ta duba tafin hannunta. "Ai yoyo take yi!"

"Ba yoyo ba ne, zufa ce. Ran da ta daina zufa, ran nan za ta daina sanyi."

Na yi karatun boko iyakar gwargwado, kuma ban ga abin da zan gyara a wannan amsa ba. Sai dai a warware ta, domin a cikinta akwai amsar tambayoyi da yawa da muke yi kullum mu wuce: abin da ya sa fanka wani lokaci take hura wuta, abin da ya sa zafin Legas ya fi na Katsina cin rai alhali namu ya fi yawa a ma'auni, da abin da ya sa kwalbar lemo ke jiƙa tabarma da damina amma ba ta yi da hunturu.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai ƙasa ce mai sanyi. Ba haka ba ne. Wanda ya taɓa taka tsingaro da tsakar rana ba takalmi ya san ƙasar da aka gasa tana ɗaukar zafi kamar kowane abu. Kofin tangaran ma daga yumɓu aka yi shi, amma zuba masa ruwa ka ajiye, yadda ka zuba haka za ka tarar. Wasu kuma su ce inuwa ce. Inuwa tana taimakawa, amma iyakar abin da za ta yi shi ne ta hana rana ƙara wa ruwa zafi. Ajiye jarka a gindin bedin nan, kusa da randar, ruwanta zai bi zafin iskar wurin ne, ya zama ɗumi-ɗumi kamar na wankan jariri. Ruwan randa shi ne yake sauka ƙasa da zafin iskar da ke kewaye da shi, kuma nan ne abin mamakin yake. Abu ba ya fin wurin da yake sanyi sai in akwai abin da ke kwashe masa zafi yana fita da shi.

A fara daga wajen magina. Mai ginin tukwane ba ta aiki da yumɓu tsantsa, takan haɗa shi da yashi ko dakakken tsingaro don kada ya tsage. In ta gina ya bushe, sai a tara a fili, a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a cinna wuta. Wannan wutar tana isa ta ƙarfafa yumɓu har ruwa ba zai narkar da shi ba, amma ba ta kai ta narkar da ƙwayoyinsa su manne da juna ba. Tangaran ana gasa shi ne a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, a kuma shafe shi da wani abu mai kama da gilashi, sai ya toshe ruf. Randa kuwa tana fitowa da ƙananan kafofi birjik waɗanda ido ba ya gani. Ta cikinsu ruwa ke naso a hankali, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ya fito bayanta ya yi wannan danshin da yarinyar ta kira yoyo.

Da ya fito sai ya haɗu da iska ya ƙafe. To ƙafewa ba kyauta take ba. Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ba sa zama wuri ɗaya, kuma abin da muke kira zafi ba komai ba ne illa yawan motsinsu. A cikinsu akwai masu zafin nama, akwai masu sanyin jiki. Wanda zai iya fizge kansa daga cikin 'yan'uwansa ya bi iska, dole ya kasance cikin masu ƙarfin. Kwatanta da ƙauye bayan an gama girbi: samari majiya ƙarfi su ne ke ɗaukar jaka su tafi ci-rani, a bar tsofaffi da yara, sai ka ji garin ya yi tsit. Haka ruwa yake. Duk ƙwayar da ta tashi, da kuzarinta take tafiya, waɗanda suka rage motsinsu ya ragu, jikin randa ya yi sanyi, shi kuma ya jawo zafi daga ruwan da ke ciki don ya biya na gaba kuɗin mota.

Kuɗin motar nan kuwa ba kaɗan ba ne, kuma duk mai girki ta san haka ko da ba ta taɓa lissafawa ba. Ɗora tukunyar ruwa a wuta, cikin minti goma ta tafasa. Bar ta a kan wutar nan ba ki rage ba, sai ta haura awa guda kafin ta ƙone ƙurmus. Dalili shi ne zafin da ake bukata a mayar da lita ɗaya ta zama tururi ya ninka wanda ake bukata a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar. A tukunya itace ne ke biyan wannan kuɗi. A randa babu itace, don haka daga jikin ruwan da iskar da ke shafarsa ake cira. In aka yi lissafin a takarda, ruwan da bai wuce cikin ledar fiya wata ɗaya ba, wato rabin lita, in ya ƙafe daga randa mai lita 20, zafin da zai tafi da shi ya isa ya sauke sauran da kusan digiri 15. A zahiri ba a samun duka, domin zafin waje yana ta kutsowa ta ko'ina, amma wannan ya nuna girman cinikin: ka ba da kofi biyu, a sanyaya maka randa guda.

Wasu malamai biyu na jami'ar fasaha da ke Madrid sun taɓa zama suka auna wannan a kan tulun ƙasa na mutanen Sifaniya, suka wallafa sakamakon a 1995. Sun zuba ruwa lita uku da 'yan kai mai zafin digiri 39, suka saka tulun cikin akwatin da shi ma zafinsa 39 ne. Bayan awa bakwai ruwan ya sauka zuwa wajen digiri 24, tulun kuma ya yi asarar kimanin giram 400. Ba mu kaɗai muka san dabarar ba. Indiyawa na da tasu tukunyar, a Masar da Sudan kuma ana jera manyan randuna a bakin hanya don masu wucewa, kamar yadda ake yi a ƙofar wasu masallatai da zaurukan nan garin.

Jikinka ma ya san wannan ciniki. In ma'aikaciyar asibiti ta goga maka sifirit kafin allura, wurin yakan yi sanyi nan take, ba don kwalbar daga firij take ba, sai don sifirit ya fi ruwa saurin tashi. Haka fetur in ya zubo wa mai bumburutu a hannu. Haka kuma wankan asuba da hunturu: kana cikin zuba ruwan zafi lafiya lau, kana ajiye moɗa iska ta taɓa ka sai haƙora su fara kaɗawa. Ruwan da ke jikinka ne yake tashi, kuma daga fatarka yake karɓar guzuri.

Yanzu sai rabin maganar Inna na biyu, cewa randa iska take ci. Ni da zan juya ta, sai in ce iska ce ke shan randa, kuma ba kullum take jin ƙishirwa ba. Iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka, iyakar kuma tana ƙaruwa da zafi. Ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. In zafinta digiri 20 ne, tururin da za ta riƙe bai wuce giram 17 ba. A digiri 30 ta riƙe 30. A digiri 40 ta riƙe fiye da 50. Abin da ke sa ruwa ƙafewa da sauri shi ne ratar da ke tsakanin abin da iska ta riga ta ɗauko da abin da cikinta zai iya ci.

Mu nan iska biyu ke rabon shekara a kanmu. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta iso mana cikinta wayam. Ita ce ta hunturu, kuma ita ke nan har cikin bazara, sai dai a lokacin rana ta gasa ta. Ita ce mai fasa leɓe, mai sa faso a dunduniya da haɓo ga yara, mai busar da shanya kafin a gama wankin kashi na biyu, kuma ita ce abokiyar masu kilishi. Ɗayar tana zuwa daga kudu maso yamma, daga kan Tekun Atlantika, a ƙoshe da ruwa. Tana hawowa arewa sannu a hankali, ta iso mu wajen Mayu zuwa Yuni, ta zauna har Satumba, sannan ta ja da baya.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa a duk lissafin. Akwai wani mataki da sanyin ƙafewa ba ya iya wucewa, komai kyan randa. Masu auna yanayi suna gano shi ta hanyar naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle su bar iska ta buga shi, inda ya tsaya nan ne iyaka. A ranar Afrilu irin tamu, zafi digiri 40, iska kuma ba ta ɗauke da fiye da kashi 15 cikin 100 na abin da za ta iya, wannan iyaka tana wajen digiri 20. A ranar marka cikin Agusta, zafi digiri 30 kacal amma iska ta cika kashi 75 cikin 100, iyakar tana wajen 26. Duba da kyau. A watan da gari ya fi zafi, randa na da filin saukowa digiri 20. A watan da gari ya yi luf, filin da take da shi bai wuce huɗu ba. Ma'ana ruwan randa na iya fin sanyi a tsakiyar bazara fiye da tsakiyar damina, ba wai a baki kawai ba, har a ma'auni. Ba ta kai wa iyakar cif, amma tana bin sawunta. Ba kasafai ake samun na'ura mai wannan hali ba, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa daidai lokacin da aka fi bukatarta.

A nan ne ya kamata a raba zufa biyu da ake ruɗawa. In ka ciro kwalbar lemo daga firij da damina ka ajiye, kafin ka nemo mabuɗi ta jiƙe sharkaf har ta yi zobe a kan tabarma. Yara kan ɗauka lemon ne ke fitowa. Ba shi ba ne, gilashi ba shi da kafa. Ruwan iska ne. Iskar da ta taɓa kwalbar takan yi sanyi, cikinta ya tsuke, ta kasa riƙe tururin da ta ɗauko, sai ta sauke shi a jikin kwalba, kamar dai raɓa a kan ciyawa da asuba. Ciro irin wannan kwalba cikin Janairu, da kyar za ka ga ta yi dusu-dusu, don iskar ba ta da abin saukewa. Zufar randa daga ciki take fita kuma sanyi take kawowa. Zufar kwalba daga waje take sauka, kuma zafin da tururin ya ɗauko yana sauke shi ne a kan lemonka, shi ya sa ma yake saurin hucewa da damina.

Mu kanmu randuna ne masu ƙafa. Jikin mutum yana son zama wajen digiri 37, kuma in iskar gari ta kai haka ko ta wuce, ba shi da wata hanyar zubar da zafi sai zufa. Akwai kafofinta sama da miliyan biyu a fata, kuma mai aikin ƙarfi a rana, irin ɗan ga-ruwa ko mai dako a Babbar Kasuwa, yana iya zubar da lita guda cikin awa. Amma zufar da ta ɗiga ƙasa ko ta jiƙa riga ta tsaya asara ce, wadda ta ƙafe ita ce ta yi aiki. A Katsina cikin Maris za ka yini ba ka ga zufa a jikinka ba, sai dai da yamma ka ga farin gishiri a wuyan riga, ka kuma lura ka sha ruwa kamar raƙumi. Ta fito, iska ce ta lashe ta nan take. A Legas kuwa, digiri 32 ya isa ya hana ka barci, don iskar teku a ƙoshe take, zufa na kwarara amma ba inda za ta. Mu ma muna ɗanɗana irin wannan a 'yan makonnin da ke gaban saukar damina, lokacin da danshin kudu ya iso amma ruwa bai sauka ba, zafin bazara kuma bai tafi ba. Shi ne lokacin ƙurajen zafi a wuyan jarirai, da kwana a tsakar gida ana juye-juye ana kallon gabas.

Fanka ba ta sanyaya iska ko kaɗan. Bar ta tana juyi a ɗakin da ba kowa, ba abin da za ta rage, injinta ma ɗan zafi yake ƙarawa. Aikinta ɗaya da mafici: ta kore iskar da ta riga ta ƙoshi a kan fatarka ta kawo mai jin ƙishi. Shi ya sa randa ma take son inda iska ke wucewa, ba ƙuryar ɗaki ba. To amma in iskar ta fi jikinka zafi, fanka na kawo abu biyu ne a tare, tana ɗaukar zufa tana kuma watso maka zafi, kuma in fatar ta riga ta bushe, zafin ne kaɗai ke isowa. Wannan shi ne abin da muke cewa fanka na hura wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a dogara da fanka in zafi ya haura digiri 40. Tsofaffi su aka fi ji wa, don zufarsu ta ragu. Maganin kuwa tsoho ne: a yayyafa ruwa a jiki, ko a jiƙa zane a yafa, sannan a kunna. Ka ara wa jiki zufar da ba shi da ita.

Wannan fankar mai tankin ruwa da ake kira kula, wadda ta cika shaguna 'yan shekarun nan, randa ce aka sa wa farfela. Tana jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso ta huro. Da bazara sai ka rantse esi ce. Da damina mutane kan kai ta wajen mai gyara suna cewa ta lalace, alhali lafiyarta lau, danshi kawai take ƙara wa ɗakin da ya riga ya cika da shi. In an rufe ƙofa da taga ma haka za ta yi ko da bazara, don za ta ƙosar da iskar ɗakin da kanta. Alhazai sun ga babbar yayarta a Arfa da Mina, inda dogayen sanduna ke fesa ruwa kamar hazo a kan jama'a. Ba don a jiƙa mutane ake yi ba, so ake ya ƙafe kafin ya sauko.

In an fahimci wannan, sauran ƙananan tambayoyin randa suna warware kansu. Sabuwa ta fi tsohuwa sanyi domin da tafiya ta yi tafiya, gishirin da ke cikin ruwa, da laka, da gansakuka, da maiƙon hannu suna toshe kafofin. Ruwa ke tashi, abin da ya ɗauko kuwa a bango yake zama. Shi ya sa masu kula suke goge bayanta da soso, in kuma ta tsufa a sauke ta daga muƙami ta koma ta wanke-wanke. Na taɓa shiga wani gida na ga an yi wa randa fenti mai sheƙi har da zanen furanni don ta dace da falo. Ta yi kyau, ba ƙarya, amma an mayar da ita bokiti. Haka in an shafe ta da siminti wai don a hana yoyo. Yashin da ake jiƙawa a gindinta shi ma ƙarin fili ne na ƙafewa, ban da riƙe ta da yake yi. Direbobin manyan motoci da ke ɗinke jarka cikin buhun algarara su jiƙa su rataya a gefen mota, fatar randa suke ara wa roba, gudun mota kuma ya zama fanka. Buzaye sun riga su da salka, wadda fatar akuya ce mai naso a hankali.

Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan magina tukwane, ya ɗauki wannan sani ya matsa da shi gaba a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa na fita ta tukunyar waje, ta ciki na yin sanyi ba tare da kayan da ke ciki sun jiƙe ba. An ruwaito cewa yalon da ke lalacewa cikin kwana uku ya kai kwana 27 a ciki, tumatir da tattasai kuma su yi mako uku. Ga manomin rani wannan ba ƙaramin abu ba ne, don wanda tumatirinsa zai ruɓe jibi ba shi da bakin ciniki yau. Ya raba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa, ya kuma ci lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000. Abin da ke ba ni haushi shi ne har yau za ka zaga kasuwannin ƙauyukanmu, daga Ajiwa har Mai'adua, ka ga kayan gwari na yaushi a rana, ga magina a gefe suna kukan roba ta kashe masu kasuwa.

Sai dai kada a ɗora wa tukunya abin da ba za ta iya ba. Firij yana sauka wajen digiri 4 ne, inda ƙwayoyin cuta ke kasa yaɗuwa da sauri. Digiri 20 ba ta hana su komai, don haka nama da kifi da allurar rigakafi ba nan ne wurinsu ba. Firij ɗin ma, in ka buɗe cikinsa, ƙafewa yake amfani da ita: wani ruwa ne mai saurin tashi ke zama tururi a cikin bututu yana kwashe zafin abinci, injin da ke baya ya matse shi ya koma ruwa, ya zubar da zafin ta wayoyin nan masu ɗumi, ya sake zagayowa. Wutar da yake ci ta matsewar ce. Randa ba ta maido da zufarta, iska take bar wa, shi ya sa ba ta da waya.

Akwai kuma wani sanyin da ake haɗawa da wannan alhali ba danginsa ba ne. Ruwan rijiya yakan yi sanyi da bazara, da asubar hunturu kuma ka ji shi da ɗumi. Ko a Kusugu ta Daura ka ja guga haka za ka ji. Ba ruwan ne ke sauyawa ba. Can ƙarƙashin ƙasa zafin rana ɗaya ko sanyin dare ɗaya ba ya isa, ruwan na nan kusan yadda yake duk shekara, hannunka da iskar sama ne suka sauya. Ɗakin soro mai kaurin bango ma kusan haka yake yi, yana jinkirta zafin rana sai dare ya iso ciki. Wannan jinkiri ne, na randa kuwa fitarwa ce.

Abu ɗaya da ba na yarda a wuce shi: sanyi ba tsabta ba ne. Randa ba ta kashe komai. Moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa har wuyan hannu, yaro ya sha ya mayar da ragowa, a ajiye ta a ƙasa a sake ɗauka, hanya ce sananniya ta yaɗa amai da gudawa, musamman da damina. Wadda aka bari a buɗe kuma sauro ya samu wurin ƙwai. Inna tana da doka a kan wannan tun kafin mu ji ta a rediyo: moɗar ɗiba daban, kofin sha daban, kuma duk bayan kwana biyu a juye a wanke a turara. Masu sa wa randa famfo a ƙasa su rufe bakin sun kyauta, muddin sun bar jikinta tsirara.

Bayan salla na je na sayo tawa. Mai sayarwar ta ƙwanƙwasa uku da ɗan yatsa tana kasa kunne, ta ture biyu, ta ce in ɗauki ta ukun, ita ce mai amo. Na haɗo da 'yan tuluna biyu saboda yarinyar. Muka cika su daga bokiti ɗaya, muka ɗaure ɗaya cikin leda har wuya, ɗayan muka bar shi haka, muka ajiye su a baranda. Da safe ta tsoma yatsa cikin kowanne, ta dube ni, ta ruga ta kira uwarta. Ledar ta yi gumi ta ciki, ruwan kuwa salaf.

Aka tafi a haka har Agusta. Ran nan muna wajen Inna ana yayyafi, sai ta kai ƙara.

"Kaka, randar Babanmu ta lalace. Tana zufa amma ba ta sanyi. Kin ce in tana zufa tana sanyi."

Inna ta taɓa jikin tata, ta murza yatsu. "Ba lalacewa ta yi ba, iska ce ta ƙoshi, ba ta karɓa. Ki jira kaka."

"Ai ga ki nan."

"Ja can, ba ni ba. Wadda ake yanke gero."

Cikin Nuwamba, safiyar da muka tashi muka ga hazo ya rufe hasumiyar Gobarau, ban ko gama alwala ba na ji ƙarar faifai a baranda.